Ungozoma a Gindin Gwaiba

Kafin ladanin unguwarmu ya sauke murya
na riga na fito da tsakin gero a sakaina.
In watsa gindin gwaiba, in cika fasasshen kasko da ruwa,
in ja kujerata baya, in yi kamar ba na nan.

Kurciya ke fara sauka,
da takun hajiyar da ta biya kuɗin komai.
Sai bainu, jajaye, mitsi-mitsi,
kamar barkono ne ya zube ya yi ƙafafu.
Marai ba sa sallama,
da rigimarsu suke saukowa daga kan maina.

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a Kumo.
Rabin masu tumatir a kasuwa ni na yanke wa cibi.
Da hannu ya soma rawa, zare ya ƙi allura,
aka ba ni agogon bango, aka ce in huta.

Sai wata kurciya ta zaɓi reshen da ke saitin tagata,
ta gitta tsinke bakwai ko takwas, wai ta yi sheƙa.
Da a ƙarƙashina take aiki, sai ta sake wannan shimfiɗa.
Ƙwai biyu. Ta ƙasa ma ana hango farinsu.

Na shiga ƙirga kwana a bayan kalanda, hali zanen dutse.
Namijin ya kwanta da hantsi, macen ta karɓa bayan la'asar,
ba rajista, ba mai makara.
Ni kuwa na san mazan da suka ajiye mace kan gwiwa
suka tafi teburin mai shayi.

Ranar sha huɗu ba wanda ya buga mini ƙofa.
Ba ruwan zafi, ba reza, ba safar hannu.
Ɓawo kawai na tsinta a kan ganyen yakuwa,
na tsaya riƙe da shi kamar wadda aka manta da gayyata.

Munana ne, in faɗi gaskiya:
ciki da baki, da ɗan gashi kamar gemun masara.
Su cusa kai cikin maƙogwaron uwa har sai na ji tsoro,
ta girgiza, ta amayo, ta tafi, ta dawo.

Jikana Sambo ya zo hutu da danƙo a wuya.
Ban ƙwace ba. Na naɗa shi sarkin tsaro,
albashinsa gwaiba biyu,
abokiyar gabarsa kyanwar Malam Tukur.

Daren Laraba hadari ya taso daga gabas.
Da asuba ɗaya na ƙasa, jiƙe, tururuwa sun fara zagaye.
Na hau turmi, ni da gwiwar nan,
na mayar da shi kusa da ɗan'uwansa,
kuma wallahi hannuna bai yi rawa ba.

Bai kai azahar ba.

Sambo ya haƙa rami gindin zogale da cokali.
Ni kuma wani dare ya dawo mini,
daren da fitila ta mutu, mota ta ƙi tashi,
da yarinyar Pindiga da har yau ban manta sunanta ba.
Uwar ta sauko ta ci tsakinta.
Akwai sauran baki ɗaya a sama.

Shi ya rayu. Ya yi fiffike, ya faɗa kan igiyar shanya,
ya yi lilo, ya kama, ya haye katanga,
ko waiwaye.

Goggo Dija ta ce, mudun gero nawa yanzu,
kike ciyar da waɗanda ba su san ki ba?
Na ce, masu tumatir ma ba ragi suke mini ba.

Yau kurciyoyi tara ne a gindin gwaiba.
Ɗayansu nawa ne.
Na sa tabarau, na cire, na goge, na mayar,
ban gane wanne ba.
Na ƙara musu tsaki.