Hannun Veikko

A Oulu, cikin Janairu,
rana ba ta leƙowa sai wajen goma da rabi,
ta ce sannunku, ta koma.
Na ajiye mota bayan gidan tsofaffi,
dusar ƙanƙara na kuka ƙarƙashin takalmina
kamar ana tauna gishiri.

Matakala goma sha bakwai zuwa ɗakin bututu.
Veikko na gaba da tocila,
tarinsa na gabansa.
Kwana tara ke nan, in ji shi, da mutuwar injin bawul.
Kwana tara yana saukowa biyun dare, huɗun asuba,
ya murɗa da hannu,
ya hau ya shafa bangon ɗakuna,
ya sake saukowa.
Na kalli tafinsa: kanta kan kanta.

Bawul ɗin baki uku gare shi.
Ɗaya na shan zafi, ɗaya na shan sanyi,
na ukun ya sirka ya aika sama
inda mutum arba'in da ɗaya ke kwance
da fata kamar ɓawon albasa.

Na kashe lantarki, na datse makunni da kwaɗo,
na jefa mabuɗin a aljihun ƙirji.
Wanda wuta ta taɓa ja,
ko igiyar shanya ya gani sai ya ja baya.

Tsohon injin ya ƙi fita,
tsatsa ta ƙulla masa zumunci da sandar bawul.
Na ɗiga mai. Na jira.
Na sha kofi a murfin fulas ɗin Veikko,
na dawo da sifana lamba sha uku.
Ya saki da ƙara guda, irin ta gwiwar tsoho.

Kafin sabon ya hau
na danna sandar da babban yatsa, ƙasa, sama,
in ji ko tana tafiya ba gardama,
don injin da aka ɗora wa sanda mai taurin kai
kansa zai ci kafin ƙanƙara ta narke.
Na goge, na haɗa tsagi da tsagi,
na zaunar da shi kansa a sama
kada ɗigon ruwa ya same shi.
Noti biyu. Ba a ɗaure su da fushi.
Waya uku: baƙa, ja, fara.
Farar ce kunnensa, ta nan yake jin umarni.

Na mayar da wuta.
Ya yi gunaguni ƙasa-ƙasa, ya tafi har ƙarshen hanya,
ya juyo zuwa ɗaya ƙarshen
yana auna mazauninsa
kamar kyanwar da aka kawo sabon ɗaki.
Daƙiƙa casa'in. Ya tsaya.

Ina harhaɗa kaya wayar bango ta buga.
Tyyne ce, ɗaki na sha huɗu, shekara casa'in da ɗaya:
wa ya buɗe wa teku ƙofa?

Veikko ko allon bai duba ba.
Ya aza tafi kan bututun da ke hawa,
ya ce, Raili, da baya yake tafiya.
An ce masa zafi, yana miƙa sanyi.
Kunya ta cika ni har wuya.
Ƙarƙashin murfi akwai ɗan makunni
da bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na tura shi da bakin sukudireba, daga hagu zuwa dama.
Allura ta fara hawa:
talatin da takwas,
arba'in da biyu,
da biyar.

Yau dai ka yi barci, na ce.
Ya gyaɗa kai. Bai ɗauke hannunsa ba.

Na hau matakala ni kaɗai.
A ta goma na waiwaya.
Yana tsaye, tocila a kashe,
yana sauraron abin da ya karɓe masa dare,
sai na ji ya ce, kuma ba da ni yake ba:
ƙarfe biyu dai zan leƙo.