Dutse Ya Ci Shi

Na hau Potosi da littafi a jaka,
wanda aka buga can gangare, inda iska ke isar kowa.
Shafin farko: ga yaro, ga ƙwallo, ga jirgin ruwa.
Ɗalibaina mata tara ne da maza biyu,
ƙaramarsu tana da jika,
kuma babu wanda ya taɓa ganin teku.

Da rana suna fasa duwatsu a bakin ramin ma'adinai,
da dare su zo mini da hannuwa masu kaushi,
su riƙe fensir kamar za su fasa shi shi ma.
Mako shida muna tuƙa jirgin nan,
bai bar gaɓa ba.

Daren da sanyi ya hana alli kama allo,
na rufe littafin, na ce:
Tiburcia, ba ni labarin ranar da ba ki manta ba.
Ta juya ganyen da take taunawa zuwa ɗaya kuncin,
ta daɗe tana duban takalmana.
Sai ta ce:
Anacleto ya shiga rami yana ɗan sha huɗu,
ya fito yana da arba'in, da tsakuwa a ƙirji.
Na dafa masa miyar gyaɗa ranar Talata,
Laraba na wanke kwanon, bai taɓa ba.
Dutse ya ci shi, a hankali, kamar mai jin kunyar baƙi.

Na hura wa yatsuna numfashi, na rubuta.
Da na kai ƙarshe, don ladabi, na sa: ya rasu.

Ta tashi, ta zo gaban allon,
ta auna maganar da tafin hannunta.
Ta ce: Malama, wannan ta yi gajarta.
Abin da na faɗa ya fi haka tsawo.
Kin rage mini.

Karatunta na farko ke nan,
kuma gyara ne.

Na goge. Na mayar mata da dutsenta.

Daga nan allo ya zama nasu.
Harafin farkon sunanta, ta ce, ginshiƙi ne da gungume a kai,
irin wanda ke hana rami rufe baki.
Eulogia ta kawo labarin alfadarin da ya fi mijinta hankali,
muka yi dariya har tari ya kama mu,
muka koyi haruffa bakwai a bayan alfadarin.

Casimiro kaɗai ya ƙi.
Ya ce: an karɓe gonata, an karɓe haƙorana biyu,
wannan kam ba na bayarwa.
Ban matsa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Wata biyar yana kwafar rayuwar wasu.
Ran nan na hango shi a kusurwa,
ya kare takarda da hularsa,
yana rubutu, leɓensa na rawa.
Har yau ban san me ta ƙunsa ba.

A watan takwas Tiburcia ta zo da wata tsohuwar takarda,
mai tambarin babban yatsanta a ƙasa.
Ta bi layin da farce, harafi bayan harafi,
har ta isa inda kamfani ya rubuta: mura.

Ba ta yi kuka ba.
Ta ce: ara mini biro.
Fensir yana gogewa.