Ƙofar da Nake Buɗewa

Shekara tara ina gadi a Ikoyi,
asibitin da daɓensa ke ɗaukar ido kamar madubi.
Mota ta yi ham, in ja ƙarfe, in sara.
Masu hawan jini da lambar mota nake gane su.
Na san wadda ake kwantarwa don ciwon kai
a ɗakin da kwanansa ɗaya
ya haɗiye albashina na wata uku.

Ranar Talata aka kira ni daga Agege:
Sallau ya faɗi da buhun albasa a ka.
Ƙanena, wanda ya biyo ni Ikko
don na ce masa nan akwai abin yi.

Muka sa shi a mota, bakinsa ya karkace,
gosulo ya riƙe mu a Oshodi
riƙon mai bin bashi.
Asibitin farko, babu gado.
Na biyu, likita bai zo ba.
Na uku, wata yarinya a bayan gilashi
ko kai ba ta ɗago ba: kati tukuna,
sai kuɗin ajiya, dubu ɗari uku.
Na zazzage aljihu,
dubu goma sha ɗaya da ɓarin goro.

Ban kai shi inda nake gadi ba.
Wallahi tunanin ma bai zo mini ba
sai da gari ya waye.
Abin da ke cin raina ke nan:
makullin ƙofar na rataye a ƙuguna duk daren,
yana kacau-kacau a kowane taku.

'Yan kasuwa suka yi karo-karo,
mai tumatir, mai shayi,
da Iya mai amala, wadda ta kwance bakin zani
ta juye ba ta ƙirga ba.
Kuɗi suka cika bayan la'asar.
Likita ya ce, da jiya kuka kawo shi.
Na ce, jiya muka kawo shi.

Yanzu yana kan tabarma,
hannun dama a yashe kamar na aro,
ni ke ba shi koko da cokali.
An ce lafiya uwar jiki.
To a garin nan mai kuɗi ke da uwa,
sauranmu marayu ne.

Da asuba na koma bakin aiki.
Mota ta yi ham.
Na ja ƙarfe, na sara,
na ce Allah ya ƙara sauƙi,
kuma har zuciyata na faɗa,
don ciwo ciwo ne ko a bayan baƙin gilashi.
Sannan na mayar da ƙofa,
na kulle ta da hannuna.