Igiyar Kadade

Ɗakin Inna Sahiya a Geben Zogi,
tsawo santi ɗari uku da sittin,
faɗi ɗari biyu da hamsin da biyu.
Ɗanta ya aiko kuɗi daga Abijan
a sa wa tsohuwa karo
ta huta da sanyin ƙasa da asuba.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya:
"Ban son guntu a gindin bango.
Na ci guntu, na ɗaura guntu,
ba zan kwana a kansa ba."

Mun zaga kasuwar Tawa.
Mai talatin ya cika tsawo,
ya bar sha biyu a faɗi.
Mai arba'in ma haka,
sha biyun nan dai, kamar tsohon bashi.

Kadade bai taɓa zama a lakol ba.
Ya kwance igiya daga bayan kekensa,
ya auni faɗi, ya ɗaura ƙulli,
ya shimfiɗa ta bisa tsawo.
Ta shiga sau ɗaya, ta bar saura.
Ina tsugune da mitir, na ce: ɗari da takwas.
Bai ko dube ni ba.

Ya yanki igiya daidai sauran,
ya koma kan faɗi da ita.
Ɗaya. Biyu.
Wani ɗan saura ya sake leƙowa,
bai kai kamu guda ba.
Talatin da shida.

Ya yanko shi, ya ɗora kan ɗari da takwas,
ɗaya, biyu, uku,
cif.
Ko tsinke ba ya samun wurin shiga.

"Ga karonmu," in ji shi.
"Wanda ya fi shi zai bar guntu.
Rabinsa ma zai shiga,
amma mu buga ɗari biyu da tamanin?
Bayana ba na haya ba ne."

Sai allon Mushe Zabeiru ya faɗo mini,
shekarar da na faɗi jarrabawa:
adadi mafi girma mai raba su duka biyu.
Na sha bulala a kansa,
na ɗauka aljani ne mai zama cikin alli.
Ashe igiya ce.
Ashe abin da ya rage
shi ake ba aikin awo.

Mai walda ya haɗa mana ƙwarya huɗu ta ƙarfe.
Siminti, yashi, ɗan jan garura.
Goma a tsaye, bakwai a kwance,
saba'in ke nan,
da biyu saboda tsautsayi.
Mako guda ina ba su ruwa
kamar mai rainon albasa.

Ranar da muka gama
Inna ta tuɓe takalmi,
ta bi gindin bango da babban yatsa,
kusurwa zuwa kusurwa.
Ba ta ce komai ba.
Ta ɗauki biyun da suka rage
ta sa a ƙarƙashin randa.

Guntun igiyar yana aljihuna har yau.