Shafi Bakwai

Littafin ya shigo Aboabo ba bango,
cikin jakar Muniratu, tsakanin atamfa da kuɗin ciniki.
Sidi goma ta saye shi a Kejetiya
wurin mai baza tsofaffin takardu a kan buhu.
Ta ce, "Kwana uku na ba ka, Mutawakkilu.
Ka ɗiga masa miya, ni da kai ne."

A shagon gyaran waya na karanta shi,
dalma tana sandarewa a bakin ƙarfe.
Ladan ne aka tsinta da asuba a gindin hasumiya,
takalmi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa,
makullin asusu ba ya wuyansa.
Ga ɗan sanda mai ɗingishi,
wanda masallaci ba ya ganinsa sai Juma'a,
shi aka tura ya yi wa masu rawani tambaya.
Ga Alhajin da ya shimfiɗa wa masallaci tayil
saura wata biyu zaɓe.
Ga na'ibi, shekara ashirin
yana tsaye a bayan liman.

Daga hannuna ya bi Fuseini direba
ya dawo yana warin gas.
Sa'adatu ta kai shi aikin dare a asibiti,
ta ja wa kowace rantsuwa layi da jan biro.
Wani kuma ya rubuta da ajami a gefen shafi na tamanin:
"Ai mun san shi."
Wani ya zo ya goge.
Gurbin ya fi rubutun fitowa.

Daren Asabar aka ɗauke wuta,
muka cika bencin ƙofar shagona.
Fuseini ya ce Alhajin ne,
kyautar mai neman kujera ba ta rasa ƙugiya.
Sa'adatu ta ce a'a, na'ibi,
na sahun gaba shi ke ƙirga tarin liman.
Muniratu tana ɓare gyaɗa, ta ce,
"Kowa dai ya kawo maƙiyinsa daga gida
ya sa masa ankwa."

Musun ba shi da alƙali,
don a shafi na ɗari biyu da shida
ɗan sanda ya tara su a zaure, ya gyara murya:
"Wanda ya hau matakalar nan a daren,"
sai zare da busasshen gam.
Shafi bakwai babu.

Muniratu ta rantse cikakke ta saya.
Sai muka juya muna binciken juna:
wa ya kwana da shi Talata, wa ya karɓa Laraba?
Lissafi ya zaga ya tsaya kan Baba Gariba,
ma'ajin masallacinmu tun ban yi wayo ba,
da ya ara, wai ya ga abin da yara ke karantawa.

Ni aka aika.
Na tarar da shi bayan la'asar a kan buzu
yana jera silallan asusu goma-goma.
Ban kai ga tambaya ba ya tuɓe hula,
ya zaro takardu a ninke huɗu.
"Ba don ƙarya ce na yage ba," in ji shi.
"Ran da kuka ji sunan
za ku ce mutum ɗaya ne, an kama shi,
ku rufe littafi ku yi barci."
Hannunsa na rawa da ya miƙo.
Ko tsufa ne, ban sani ba.

Na koma na ce Baba bai gani ba.

Suna nan a akwatin tsofaffin batura,
ninkin hular bai warware ba.
Yanzu littafin yana Asawase wurin wata mai kitso,
an ce ita matar liman take zargi.
Ni kuwa jiya da aka kira magariba
na ɗaga kai ina duban hasumiya,
na kama kaina ina ƙirga matakala.