Baƙin da Ayaba Ta Gayyato

Ɗanjummai ya turo baro gida bayan isha'i
da ragowar kasuwa:
abarba biyu da rana ta dafa,
nonon ayaba da ya soma ɗigon baƙi,
rabin kankana tana gumi a cikin leda.
Ya ce, "Ajiye, gobe ma rana ce."
Na ajiye.
Amma a Agege abin da ya kwana
ba ya wayar gari shi kaɗai.

Da asuba na ɗaga murfin kwando,
suka tashi kamar an hura toka.
'Yan mitsi-mitsi, masu jan ido,
ko ƙwayar gero ta fi su jiki.
Ba cizo, ba kukan sauro,
sai shawagi a ƙofar hanci
kamar mai bin bashin da ke jin kunyar magana.

Na tafa hannu, na kama iska.
Na duba ragar taga, ba ta yage ba,
ashe kowace huda a wurinsu ƙofar gari ce.

Iya Risikatu ta ɗakin da ke kallon namu
ta leƙo da buroshi a baki, tana dariya.
Ta ce, "Ba shigowa suka yi ba, Maman Lantana,
ɗauko su aka yi.
Ƙwansu na kan ɓawo tun daga Ketu,
a baron mijinki suka hau, ba su biya kuɗin mota ba."

Ta bi ɗakina da yatsa.
Ga guntun zoɓo a gindin kofi,
ga tsumman goge tebur da bai bushe ba tun Talata,
ga ɓawon lemo a bokitin shara,
ga makwararar wanke-wanke tana tsami a ɓoye.
Firji kuwa, kwana uku ba wuta,
ya koma kabad mai wari.
Ta ce, "Zaƙi ne ke kiransu,
amma sai ya fara lalacewa."

Ranar na tafasa ruwa na ɗura wa makwarara.
Na wanke ayaba ɗaya-ɗaya kamar jarirai.
Shara ta fita kafin magariba,
tsumma ya hau igiya,
ko da yake iskar Legas jiƙa take, ba ta shanya.

Sai tarko.
Tsohuwar kwalbar man shafawa,
ruwan kal kaɗan, yankin ayaba mai laushi,
ɗigon sabulu guda,
leda a baki, an ɗaure da kyauro,
huda huɗu da tsinken sakace.

Washegari Lantana ta durƙusa tana ƙirga.
"Ashirin da bakwai, Mama.
Ga wani can yana ta zagaye.
Me ya sa ba ya fita ta inda ya shiga?"
Na ce, "Ƙamshi ne ya nuna masa hanyar shiga.
Ta fita ba ta da ƙamshi."

Ɗanjummai na bakin ƙofa yana ɗaure takalmi.
Ya tsaya da igiya a hannu.
Rani guda ya ce zai yi, ran da ya baro Ringim.
Bana shekara goma sha ɗaya.
Bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanukan rufi suka amsa.

Da dare ya dawo da abarba ɗaya tal.
Ya ce, "Kawo wuƙa, wannan ba za ta kwana ba."
Muka ci, muka miƙa wa Iya Risikatu,
ruwan na bin gwiwar hannu.
Na kwashe ɓawon, na fita da shi cikin yayyafi.

Da na dawo, ga guda ɗaya a bakin faranti,
yana murza hannuwa.
Na ɗaga tafi,
sai kuma na ɗauke farantin kawai.