Inuwar Gawo

Na rubuta waƙar a tabulo tun kafin su shigo,
baiti tara, allin na kakkaryewa a hannuna.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ita
a wannan aji na Garin Malam
mai taga guda da ba ta rufuwa.

"Gabas ta yi duhu, ga baƙuwa shamuwa,
Ta sauka kan gawo, tana shan inuwa."

Na ce su nemo jigo. Na ce su ƙirga gaɓoɓi.
Na ja layi ƙarƙashin "wa" da "wa":
ga amsa-amo nan, ku kwafa,
irinsa ne ke fitowa a jarrabawa.
Kawuna sittin suka duƙa.

Ban da na Cima.
Ita da ke zaune can baya, jikin bango,
wadda ta zo mana daga Mirriya bara,
ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna.
Ta ɗaga yatsa, rabi-rabi,
kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce.

"Mushe, gawo ba ya da inuwa da damina.
Lokacin ne yake zubar da ganye.
Shi ya sa babana ke shuka hatsi a gindinsa."

Na dubi tabulo. Tabulo ya dube ni.

Sai ajin ya ɓalle kamar bakin tafki.
Lawali ya ce ai cilakowar baiti na huɗu ma
ba sheƙa take yi a reshe ba,
cikin kogon itace take shiga, a liƙe ƙofa da laka,
a bar ƴar tsaga ta miƙa mata abinci.
Habsu ta dunƙule hannu ta yi kukan kurciya
har wata ta amsa daga bedin tsakar lakwal,
aka kwashe da dariya.
Muka ƙirga tsuntsayen waƙar: bakwai.
Waɗanda duk ajin ya taɓa gani: uku.
Gauraka, babu ko mutum guda.
Ungulu kuwa, Sanusi ya ce kakansa na cewa
da can sai an kore su da sanda a mahauta,
shi dai bai san kamarta ba.

Aka buga ƙarfen tashi ban gama darasi ba.

Da la'asar na hau babur, na wuce duwatsun Birni,
na miƙi hanyar Mirriya har gidaje suka ƙare.
Ga shi nan a tsakiyar gona,
kowane itace ya yi sabon tufa, shi ya tuɓe,
fari fat, ƙaya da reshe,
shamuwa biyu a bisa, suna gyara tsinke,
rana na dukansu yadda take dukana.
A ƙasa, ɗan zanen rassa kawai,
ko akuya ba za ta fake ba.

Ni ɗan Zango ne, a kan siminti na girma.
Na san inda gaɓa mai nauyi take faɗuwa,
ban san watan da ganye ke faɗuwa ba.

Wataƙila mawaƙin ma irina ne:
shamuwa ta zo masa a ƙarshen layi,
ya rasa abokiyar tafiya, ya jawo mata inuwa.
Ko kuwa ya sani sarai,
yana nufin baƙon da ya yi tafiyar wata guda
ya iske masaukin ba rufi,
ya zauna duk da haka, ya kira shi inuwa.
Ban sani ba. Ba ya nan balle in tambaya.

Da dare na buɗe littafina na shiri,
wanda gefensa ya yi baƙi don juyi.
Kusa da baitin farko na rubuta da jan biro:
a fara da fita waje.
Ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙaƙe:
a tambayi Cima sauran baiti takwas.